Kogin da Aka Raba da Gishiri

Mota mai cin mutum bakwai ce ta ɗauko mu daga Dakar, tsohuwar Fijo irin wadda ta daɗe da barin tashoshinmu amma a Senegal har yau take cin kasuwarta. Hanyar ta kai kilomita 260, ta ratsa Tiyes da Tiwawan da Luga, kukoki na raguwa, ƙasa na ƙara fari, har muka fara jin ƙarnin teku ta taga. Lokacin hunturu ne. Abokin tafiyata wani ɗan Maraɗi ne da ya daɗe yana kasuwanci a Dakar, ya iya Faransanci da Wolof, shi ya zame mini baki da kunne. Garin da muka nufa Turawa na kiransa San Luwi, masu shi kuma Ndar suke cewa.

Ndar kashi uku ne. Akwai Sor a kan tudu, akwai tsibirin tsakiyar kogi inda Faransawa suka kafa gari a 1659, sai wani siririn zirin yashi da ya shiga tsakanin kogi da teku, inda unguwar masunta ta Get Ndar take. Gadar ƙarfe da aka buɗe a 1897, mai tsawon fiye da mita 500, ita ke haɗa Sor da tsibirin. Masu yawon buɗe ido tsofaffin benaye masu baranda suke zuwa ɗauka a hoto. Get Ndar kuwa ba ta da lokacin kowa: jiragen kamun kifi masu fenti birjik a gaɓa, tumaki da yara da hayaƙin banda, ga lunguna da mutum biyu ba sa gittawa sai ɗaya ya karkace. A nan na ci shinkafa da kifin da Senegal ke tinƙaho da ita, wadda aka ce a garin nan aka fara dafa ta, kuma ban ga laifin tinƙahon ba.

Abin da ya kawo ni yana kilomita ashirin da 'yan kai arewa da gari, wato madatsar Diyama. Ba don tara ruwa aka gina ta ba kamar Tiga ko Bakolori, ba kuma don lantarki ba kamar Kainji. Teku aka gina ta ta tare.

Ƙasar da kogin Senegal ke ratsawa a ƙarshen tafiyarsa shimfiɗaɗɗiya ce ƙwarai, da ƙyar ta ɗara teku tudu. Da damina, ruwan da ya sauko daga tsaunukan Futa Jalon na Gini yakan zo da ƙarfi ya tura ruwan teku waje. Da rani kuwa, idan kogi ya janye, sai teku ta biyo kwarin ta hauro, ruwa ya koma zartsi, wani lokaci har fiye da kilomita 200 daga bakin teku. Haka ake yi tun kaka da kakanni, 'yan watanni ruwan daɗi, sauran shekara gishiri. Da farin shekarun 1970 ya zo, wanda mu ma ya gasa mana aya a hannu, kogin ya rame, gishirin ya riƙa zuwa da wuri yana kuma ƙara nisa. A 1972 Mali da Mauritaniya da Senegal suka kafa hukumar raya kogin da aka fi sani da OMVS, Gini ta shigo a 2006. Suka yi abin da ba kasafai ƙasashenmu ke yi ba: suka amince cewa kogin na kowa ne, madatsun da za a gina kuma mallakarsu ce baki ɗaya, ko a ƙasar wa suka faɗa. Diyama a ƙasa, aka gama ta a 1986, ta toshe wa gishiri hanya. Manantali a kan Bafin, can cikin Mali, aka kammala ta a 1988, ta tara ruwan damina ta riƙa sako shi da rani. Burin shi ne noman rani na hekta 375,000, da wutar lantarki, da jiragen ruwa su riƙa shiga har Mali. Bashin ginin ma da lissafi suka raba shi, gwargwadon amfanin da aka ƙiyasta kowa zai samu: Senegal kashi 42.1 cikin 100, Mali 35.3, Mauritaniya 22.6. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, za mu sake buƙatarsa.

Madatsar ba ta da kwarjini. Wanda ya saba ganin bangon Tiga zai iya tambaya ina take alhali yana tsaye a kanta. Gada ce mai ƙofofin ƙarfe bakwai, da wata mashiga a gefe da aka yi wa jiragen ruwa, sai shingen jami'an kan iyaka, domin wanda ya haye ya kama hanyar Nuwakshot. Jandarma ya gargaɗe mu kan ɗaukar hoto, muka mayar da waya aljihu. Ido ma ya wadatar. Ɓangaren teku ruwa ne mai hawa da sauka, gaɓarsa tsirara, laka ta bushe ta yi farin ɓawo. Ɓangaren sama ruwa ne kwance, cike fal, gefe da gefensa kuma, iya ganin ido, kore shar.

Na gane koren nan tun kafin mu matsa kusa. Kachala ce. Duk wanda ya bi ta Haɗeja zuwa Nguru ya san ta, ya san yadda ta toshe magudanan ruwa ta cinye fadamu bayan da madatsun Tiga da Challawa suka sauya wa kogin ɗabi'a. Ga ta a nan, dubban kilomita daga gida, tsayinta ya ninka na mutum.

Kafin in faɗi laifin Diyama bari in ba ta haƙƙinta, domin ta cika alkawarin da ta yi. Daga Ros Beco zuwa Dagana gonakin shinkafa ne hagu da dama, wasu suna noma sau biyu a shekara a ƙasar da da can ko ciyawar kirki ba ta fitarwa da rani. Tafkin Giyer, wanda ke sha daga kogin, shi ke shayar da babban kaso na mutanen Dakar ta bututu mai tsawon kimanin kilomita 250. Nuwakshot ma tun 2010 ruwan kogin nan take sha. Ba wanda ya taɓa shan zartsi wata shida a shekara da zai yi fatan a koma gidan jiya, kuma ban haɗu da ko mutum ɗaya a kwarin da ya ce a rushe madatsar ba. Kukansu daban ne.

Kachala ba baƙuwa ba ce a nan. Da can tana 'yan lungunanta, amma ba ta samun sake, saboda abu biyu ne ke karya ta, bushewa da gishiri. Kowace shekara ko dai ruwa ya janye ƙasa ta tsage, ko teku ta hauro ta ƙone mata saiwa. Diyama ta kawar da duka biyun. An yi ganuwar ƙasa a gaɓa biyu, aka riƙe ruwa a tsayi kusan ɗaya shekara cur, domin injinan ban-ruwa su ja shi cikin sauƙi da ɗan mai kaɗan. Ruwa mara zurfi, mai daɗi, mai ɗumi, ga ragowar takin zamani na gangarowa daga gonaki, me kachala za ta nema kuma? Ta mamaye dubun dubatar hekta a gaɓa biyu. Wani dattijon masunci da muka tarar yana gyaran koma ya nuna mana wata 'yar siririyar hanya da suka sare da adda a cikin ciyawar, ya ce ta nan kaɗai jirginsa ke fita, kuma idan suka yi sakaci na 'yan watanni sai ta rufe. Ya ce kifin da yake kamawa yana saurayi, irin wanda ke shigowa daga teku ya hayayyafa a ruwan gauraye, ya daina zuwa. Makiyayi kuma sai ya yi doguwar tafiya kafin ya samu mashayar da shanu za su iya kaiwa ga ruwa, ruwan da yake kwance kuma yana sa musu tsutsar hanta. Manomin shinkafa na biyan kuɗin yashe magudana duk shekara, sannan jan-baki ya kwana cikin kachalar ya wayi gari a gonarsa. Sauro kuwa ba sai an faɗa ba.

Ana ƙoƙari. A Roso ta Mauritaniya, wata ƙungiyar Faransa mai suna GRET da kwalejin fasaha ta garin sun koya wa mutanen ƙauyuka, galibinsu mata, yadda ake yanke kachala a busar, a ƙona ta a dunƙula ta zama gawayin girki. Wasu na yin rufin ɗaki da bulo da ita. Dabara ce mai kyau, tana rage sare itatuwa, tana sa kuɗi a hannun mata. Amma wanda ya ga faɗin ciyawar ya san adda ba za ta ci ta ba. Abin da ake yankewa a shekara bai kai abin da take ƙarawa ba.

Mun shiga gandun tsuntsaye na Juj da sassafe cikin kwalekwale mai inji. An keɓe shi a 1971, faɗinsa hekta 16,000, UNESCO ta sa shi cikin kayan gadon duniya a 1981. Nan ne ruwan farko da tsuntsayen Turai ke tararwa bayan sun tsallake Sahara. Akwai wani tsibiri da kwasakwasa suka mayar gida, dubbai, warinsu na riga ganinsu isowa. Shi ma gandun ya sha da ƙyar. A 1999 wata ciyawa mai yawo a kan ruwa, 'yar asalin Kudancin Amurka, ta kuɓuce ta shiga kogin, ta samu ruwan da ba gishirin da zai tsayar da ita, ta shimfiɗu ta rufe shi. A 2000 UNESCO ta sa Juj cikin wuraren da ke cikin haɗari. Sojoji da mutanen gari suka kwashe da hannu suka gaji, sai da aka kawo wani ɗan ƙwaro mai cin ta daga Afirka ta Kudu aka sake shi sannan aka ci ƙarfinta, aka cire gandun daga jerin a 2006.

Gishirin da aka hana hawa bai ɓace ba. Don in ga inda ya tafi, muka haye zuwa Mauritaniya. Daga madatsar hanya na bin saman ganuwar ƙasa, gadu na tsallakawa da jela a miƙe, dama kachala, hagu wani fili mai faɗi. Wannan fili shi ne Diyawlin. Kafin madatsa, ambaliyar damina takan malale shi kowace shekara ta wanke shi, ta gauraya da ruwan teku, wurin ya zama ɗakin haihuwar kifi da jatan lande. Idan ruwa ya janye makiyaya su sauko da dabbobi. Mata su yanki wata doguwar ciyawa su saƙa tabarma da zaren fata, su tsinci 'ya'yan bagaruwa don jima, su tara ƙwayar bado su yi abinci. Da madatsa da ganuwarta suka tsare ambaliyar, teku kaɗai ta rage tana shigowa, rana na busar da ita, gishiri na taruwa. Cikin 'yan shekaru wurin ya zama farin fako. Bagaruwa ta mutu, itatuwan bakin teku suka mutu, rijiyoyi suka yi zartsi, maza suka watse zuwa Nuwakshot neman abin yi. Wato a sama ana kukan rashin gishiri, a ƙasa ana kukan yawansa, tsakaninsu bango ɗaya.

A nan ne kuma na ga abin da ya fi ba ni ƙwarin gwiwa a tafiyar. A 1991 Mauritaniya ta mayar da wurin gandun ƙasa. Mutanen yankin ba su so ba da farko, sun ɗauka za a kore su ne don tsuntsaye. Amma masu tsara aikin, da taimakon ƙungiyar kare halittu ta IUCN, suka yi abin da ya kamata a yi tun farko: suka tambayi masunta da makiyaya da masu saƙa yaushe ruwa ke zuwa a da, yaya zurfinsa, yaushe yake janyewa. Aka gina 'yan ƙofofi a jikin ganuwar, daga 1994 aka fara sako ruwan kogi da damina a kwaikwayi ambaliya, a bar shi ya janye da rani. Ciyawar tabarma ta dawo, kifi ya dawo, bado ya dawo, wasu daga cikin mazan ma suka dawo. Abin da aka kashe a kan ƙofofin nan bai taka kara ya karya ba idan aka gwada shi da kuɗin madatsar. Har yanzu masunci da makiyayi da mai saƙa ba sa yarda a kan ranar buɗewa da rufewa, sai an zauna an daidaita, amma gardama a kan ruwan da ake da shi ai ni'ima ce.

Muka bi ganuwar har Roso, muka tsallako Senegal a jirgin fito, tsakanin manyan motoci da raguna da masu canjin kuɗi, ana kuma aikin gadar da za ta maye gurbinsa. Hayaniyar wurin na iya mantar da mutum cewa an taɓa rufe wannan mashiga shekara uku. Ranar 9 ga Afrilu 1989, a Diyawara kusa da Bakel, rikicin makiyaya da manoma ya ci ran 'yan Senegal biyu. Cikin makonni aka kashe ɗaruruwan mutane a Nuwakshot da Dakar, aka yi jigilar 'yan ƙasashen biyu ta jirgin sama kowa zuwa gida, sannan gwamnatin Mauritaniya ta tsallakar da dubun dubatar baƙaƙen 'yan ƙasarta, Fulani da Wolof da Soninke, ta ce ba nata ba ne. Sai 1992 aka maido da hulɗa. Ba zan ɗora wa madatsa wannan jini ba, wutar ƙabilanci ta daɗe tana ci a ƙarƙashin ƙasa. Amma a 1983, ana tsakiyar ginin, Mauritaniya ta yi dokar da ta soke mallakar gargajiya ta mayar da ƙasa hannun hukuma, kuma kowa ya san fadamar da za ta samu ruwan daɗi shekara cur darajarta za ta ninka. Gonaki da yawa na waɗanda aka kora a hannun wasu suka ƙare. A 2000 ma an kusa maimaitawa, lokacin da Senegal ta so karkatar da ruwa zuwa wasu busassun kwaruruka na cikin ƙasarta, Mauritaniya ta ba 'yan Senegal wa'adin fita, sai da aka jingine aikin. Yarjejeniyar rabon ruwa ta 2002 daga wannan tsoro ta fito.

Daga Roso zuwa Rishar Tol ba nisa. Garin rake ne, kamfanin sukari ne ubansa, kuma tun shekarun 1970 yake jawo leburori daga ko'ina a ƙasar. Magudanan ruwa sun ratsa shi ta kowane gefe, ga mashigar Tawe da ke kai ruwan kogi tafkin Giyer. Da la'asar muka zauna a bakin wata magudana ana zuba mana shayi kofi bayan kofi. Mata na wanki da wanke-wanke ruwa iya gwiwa, wani na wanke doki, yara na tsalle daga kan kwalbati suna faɗawa tsulum. Kyakkyawan gani ne, ga wanda bai san abin da ke cikin ruwan ba.

Mu tsargiyar da muka fi sani ita ce ta fitsarin jini. Akwai 'yar'uwarta ta hanji, mai sa gudawa da jini, mai kumbura hanta da saifa, wadda idan ta daɗe takan kai mutum ga aman jini. Kafin Diyama ba a san ta a wannan kwari ba. A 1988, shekara biyu bayan gama madatsar, aka ga masu ita na farko a Rishar Tol. Zuwa 1990 bincike ya nuna kimanin kashi 60 cikin 100 na mutanen garin na ɗauke da ita. A ƙauyen Ndombo da ke kusa, ba da daɗewa ba aka samu kashi 91, kuma yawan ƙwan tsutsar da ake gani a jikinsu na cikin mafi yawa da likitoci suka taɓa ƙirgawa a duniya. Masana cutar har yau da wannan gari suke ba da misali.

Yadda abin yake, tsutsar ba ta tashi daga mutum ta faɗa wa mutum kai tsaye. Ƙwanta na fita da bayan gida, ya ƙyanƙyashe a ruwan daɗi, ɗan ya nemi wata 'yar ƙaramar katantanwa ya shige ta, ya hayayyafa a cikinta, sannan dubbai su fito su huda fatar duk wanda ya taka ruwan. Idan babu katantanwar, zancen ya ƙare. Ita kuwa ba ta jure gishiri, ba ta jure bushewa, tana kuma son ciyawar da za ta maƙale. Dubi yadda madatsa ta biya mata buƙatunta ɗaya bayan ɗaya. Sai ga gari cike da baƙin leburori, wasu sun zo da tsutsar daga inda take, ga ƙarancin masai da famfo, ga mutanen da jikinsu bai taɓa sanin cutar ba. Gishirin da aka kashe biliyoyi don a kora, ashe mai gadi ne da ya shekara aru-aru yana aiki ba albashi, ba a san da shi ba sai da aka sallame shi.

Akwai magani, praziquantel, mai araha, ana raba shi a makarantu. Wata ma'aikaciyar jinya da muka zanta da ita ta ce maganin na aiki, matsalar ita ce yaron da ya sha yau gobe yana cikin ruwa, kuma ba za ka ce wa uwa kada ta yi wanki ba alhali ba ka kawo mata famfo ba. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin daga tafkin Giyer ake tace ruwa a tura shi Dakar, bututun na wucewa ta gefen wasu ƙauyuka da mutanensu suka shekara da shekaru suna ɗiba daga gaɓa.

A hanyar komawa Ndar muka tsaya a Lamsar, inda aka gwada wata dabara da ta burge ni. Akwai wani babban jatan lande na kogi, mai dogayen hannuwa, wanda katantanwa ce abincinsa. Rayuwarsa gida biyu ce: macen sai ta gangara ruwan zartsi na bakin teku 'ya'yanta ke rayuwa, su kuma idan sun yi ƙwari su hauro kogi. Diyama ta datse wannan zirga-zirga, jatan landen ya kusa ƙarewa a sama, katantanwa ta rasa mai cin ta. Masu bincike daga Senegal da Amurka suka killace mashayar ƙauyen da raga suka zuba shi. Sakamakon da suka wallafa a 2015 ya nuna katantanwa masu ɗauke da cutar sun ragu da kashi 80 cikin 100, yawan ƙwan tsutsa a jikin mutane kuma ya ragu da rabi, idan aka gwada da ƙauyen da ba a zuba ba. Gwaji ne ƙarami, ƙauye ɗaya da ɗaya, bai isa a yi shela ba. Amma abin da ya nuna a fili yake. Da an yi wa madatsar 'yar matakala a gefe da wannan halitta za ta riƙa hawa, da wataƙila lissafin asibitocin kwarin ya bambanta.

Ko a gonakin shinkafar ma gishiri bai sallama ba. Ƙasar yankin tsohon gindin teku ce, akwai gishiri kwance a cikinta da ruwan zartsi a ƙarƙashinta. Idan aka yi ta ban-ruwa ba a yi magudanar fitar da shi ba, ruwan ƙasa na tasowa, rana ta ja shi sama, gishiri ya fito fili. A gefen hanya mun ga filaye da kunyoyinsu da magudanansu, an yi watsi da su, sun yi fari fat. Da yawa irin waɗanda aka share cikin gaggawa ne bayan madatsa, aka ci shekara kaɗan aka matsa gaba.

Zangon ƙarshe Ganjol ne, kudu da Ndar, ƙasar albasa da karas da tumatir a da. A Oktoban 2003 kogi ya cika yana barazanar cinye Ndar, hukuma ta sa aka haƙa 'yar hanya mai faɗin mita 4 a zirin yashin nan, kimanin kilomita 7 kudu da gari, don ruwa ya samu gajeriyar mafita zuwa teku. Garin ya tsira a daren. Amma wajen neman gira aka rasa ido, domin teku ta kama bakin hanyar ta yi ta ci, mita 4 ta zama ɗaruruwa cikin makonni, ta zama kilomitoci cikin shekaru. Ƙauyen Dun Baba Jey ya nutse, mutanensa suka tashi. Masunta da yawa sun halaka a wannan baki. Da rani kuma, idan Diyama ta rufe ƙofofinta, babu ruwan daɗin da ke saukowa ya tura teku baya, sai gishiri ya shiga rijiyoyin lambu. Wani manomi ya ɗebo mana ruwa daga rijiyar mahaifinsa ya ce in ɗanɗana. Na ɗanɗana na tofar.

Yanzu mu koma kan lissafin nan na 42.1 da 35.3 da 22.6. OMVS ta cancanci yabon da ake mata, ƙasashe huɗu na cin kogi ɗaya, ko a shekarun da biyu daga cikinsu ba sa ga-maciji hukumar ba ta mutu ba. Amma lissafinta na hekta ne da lantarki da jiragen ruwa. Babu layin da aka rubuta hantar yaron Ndombo, ko komar masuncin da kachala ta tsare, ko tabarmar matar Diyawlin. Ƙasashe sun raba bashi da riba a tsakaninsu daidai wa daida, asarar kuwa aka bar wa mutanen gaɓa, waɗanda ba su da kujera a teburin. Daga baya hukumar ta shigo da rabon gidan sauro da maganin tsargiya da yashe magudana, kuma hakan ya yi kyau, sai dai duk jinya ce. Abin da Diyawlin ta nuna shi ne gyaran na hannun mai riƙe da ƙofa: a bar ruwa ya riƙa hawa da sauka, a bar wasu wurare su bushe a lokacinsu, a buɗe wa jatan lande da kifi hanya. Hakan zai ƙara wa masu injin ban-ruwa kuɗin mai, shi ya sa ba a so, kuma a ganina wannan ba hujja ba ce da za ta rinjayi lafiyar ƙauyuka.

Mu ba mu da teku a Haɗeja ko Gashuwa, amma muna da kogin da Kano da Jigawa da Bauchi da Yobe da Barno da Jamhuriyar Nijar ke sha, muna da kachala, muna da tsargiya, muna kuma da madatsar Kafin Zaki da aka daɗe ana ja-in-ja a kanta a kogin Jama'are. Duk ranar da aka sake ɗauko fayil ɗinta, ina roƙon sarakunan ruwa da shugabannin makiyaya da likitocin yankin su nemi a ba su kujera tun kafin a zuba siminti, su kuma tambayi injiniyoyi a rubuce: ambaliyar da za ku tsare, wane aiki take yi mana yanzu, kuma wa zai biya idan ta daina?